Shekara goma kafin a bar ka ka taɓa ƙwai: abin da fim ɗin Jiro ya nuna da abin da ya tsallake

Tambaya: Ina koyon girki a kicin ɗin wani otal. Na gaji da yankan albasa da wankin tukwane, na yi wa ogana ƙorafi, sai ya turo mini fim ɗin wani tsoho ɗan Japan mai yin sushi, ya ce in kalla in koyi haƙuri. A ciki an ce sai yaro ya shekara goma kafin a bar shi ya yi wainar ƙwai. Don Allah gaskiya ne? Me ke cikin dunƙula shinkafa a ɗora mata ɗanyen kifi da zai ci wa mutum shekara goma? Ko dai dabarar bautar da yara ce?

Amsa:

Ƙanena, fim ɗin da oganka ya turo maka shi ne Jiro Dreams of Sushi, wanda wani Ba'amurke, David Gelb, ya fitar a 2011. Ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen duk na gaske ne, kuma maganar ƙwan ba a ƙara mata gishiri ba. Amma dunƙula shinkafar kanta ba ta cin shekara goma. Yaro mai kan gado, in ya samu mai nuna masa, cikin 'yan watanni hannunsa zai faɗa. Abin da ke cin shekaru shi ne harshe da ido da hanci, wato mutum ya iya gane cewa kifin yau ba irin na jiya ba ne, ya kuma san abin da zai canza saboda haka. Wani ɓangare na shekarun goman kuma tsohuwar al'adar kasuwanci ce kawai, ba ruwanta da wahalar aikin. Saboda haka kai da oganka kowa ya riƙe gaskiyarsa, sai dai ba wanda ya riƙe ta duka. Na daɗe ina koyar da yara a kicin, kuma na ga yadda masu gida ke son fim ɗin nan fiye da yadda yaransu ke son sa, to bari in bi maka shi daki-daki.

Tsohon sunansa Jiro Ono. An haife shi a 1925 a yankin Shizuoka, ya fara aikin gidan abinci tun yana ɗan shekara bakwai bayan gidansu ya watse, ya zama cikakken mai sushi a 1951, ya buɗe shagonsa Sukiyabashi Jiro a 1965. Shagon yana ƙarƙashin wani bene a unguwar Ginza ta Tokyo, dab da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kujera goma ce kacal a jikin kanta, ko banɗaki babu a ciki, sai ka fita waje. Lokacin da aka ɗauki fim ɗin yana da shekara 85, kuɗin cin abinci sau ɗaya yana farawa daga yen 30,000, sama da dala 300 ke nan a lokacin, kuma sai ka kama wuri tun wata guda kafin ranar. Ba a ba ka miya, ba a ba ka abin taɓa baki. Loma ashirin ko kusa da haka za a miƙo maka ɗaya bayan ɗaya, mai saurin ci kafin rabin awa ya tashi. Littafin Michelin na Faransa, wanda ke auna gidajen abinci, ya ba shi tauraro uku, matakin ƙoli, tun fitowarsa ta farko a Tokyo a ƙarshen 2007.

In kana son ka fahimci dalilin da ya sa aikin yake da yawa haka, sai ka koma baya kaɗan. Asalin sushi hanyar adana kifi ce. A cusa kifi cikin gishiri da dafaffiyar shinkafa a rufe watanni har ya yi tsami, a zubar da shinkafar a ci kifin. Har yau ana yin irinsa a gefen tafkin Biwa. Wannan na dunƙulawa da hannu kuwa a birnin Edo aka fito da shi, wanda yanzu ake kira Tokyo, wajajen 1820 da 'yan kai, kuma galibi ana danganta shi da wani mai suna Hanaya Yohei. Abincin kan titi ne a lokacin, na leburori da masu sauri, a tsaye ake ci. To ka tuna babu firij a zamanin. Kifin da aka kamo da asuba a gaɓar Edo, in ba a yi masa wani abu ba, kafin la'asar ya lalace. Shi ya sa kowane irin kifi aka nemo masa dabararsa: wannan a barbaɗa masa gishiri a jiƙa shi a binega, wannan a tsoma shi a baƙin ruwan waken suya, wannan a dafa, wannan a turara. Da firij ya zo, buƙatar ta kau amma dabarun suka zauna, domin an gano su ne ke fito da ɗanɗanon. Gidan Jiro kan wannan tsohon layin yake. Wanda ya ce maka sushi ɗanyen kifi ne a kan shinkafa, bai leƙa bayan kanta ba. Kusan babu abin da ke isa gaban baƙo ba a yi masa aiki ba.

Mu fara da shinkafa, don ita ce mutane ke rainawa. A fim ɗin za ka ga tukunyar da murfinta sai da hannu biyu ake ɗaga shi, sannan a ɗora masa wata tukunya cike da ruwa don a danne tururin. In ta dahu a kwashe a babban akushin katako, a zuba binegar shinkafa da gishiri, a riƙa yanka ta da ludayin katako a kaikaice don kada ƙwayar ta farfashe ta zama tuwo. Daga nan a adana ta yadda za ta tsaya a ɗumin jikin mutum, ba zafi ba sanyi, kuma a daidaita lokacin dafa ta da lokacin da baƙi za su zauna. Sabuwar shinkafa ta kaka ruwanta daban da wadda ta kwana biyu a rumbu. Ranar da iska ke da laima daban da ranar da ta bushe. Babu kofin awo da zai gaya maka wannan, sai ka dafa ta rani da damina da hunturu, ka sake zagayowa, kafin yatsunka su fara gaya maka. Japanawa suna da tsohuwar maganar da ke cewa shekara uku ta dafa shinkafa ce, takwas ta dunƙulawa. Ni a ganina ukun farkon sun fi gaskiya.

Ita kuma dunƙulawar, abin nema shi ne lomar ta riƙe kanta in an ɗauka, amma tana shiga baki ta warware. Dole iska ta rage a tsakanin ƙwayoyin. In ka matse da yawa ta zama dutse, in ka sassauta ta zube a hannun baƙo. A fim ɗin Jiro yana gama wannan cikin 'yan daƙiƙu, ya shafa mata ruwan miya da buroshi, ya ajiye a gabanka, kuma so yake ka ci nan take kafin ɗumin shinkafar da sanyin kifin su sauya.

Sai tako, dabbar tekun nan mai hannuwa takwas. Namanta in ba a iya ba kamar roba yake a baki. A fim ɗin an nuna yaro ya duƙa a kan babbar roba yana murza ta da hannu, kumfa na fita, ba tsayawa. Jiro ya ce da minti 30 suke yi, yanzu sun kai 40 zuwa 50, don sun ga ta fi laushi kuma ƙamshinta ya fi fitowa. Lura da wannan: mutum ya haura shekara tamanin, duniya ta riga ta yarda da shi, amma ya ƙara wa kansa aiki a kan abin da babu baƙon da ya yi ƙorafi a kai. Haka jatan lande. Da da safe suke dafa shi su sa a firij, daga baya ya ga ba haka ya kamata ba, ya koma dafa shi dab da lokacin da za a miƙa wa mai ci. Kifin katsuo kuwa a kan wutar busasshen bambaro ake babbaka bayansa don hayaƙin ya kama shi. Ganyen tekun da ake naɗe wasu lomomin da shi, da safe ake kaɗa shi a kan garwashin gawayi, ɗaya bayan ɗaya, kuma babban ɗan maigidan ne da kansa aka nuna yana tsugune a bakin shago yana yi.

Amma in kana son ka san mai sushi na gaske, masu sana'ar kan ce a duba kohada. Ƙaramin kifi ne mai fatar azurfa da ɗigo-ɗigo, ba shi da tsada, kuma ba kasafai ake cin ɗanyensa ba. A feɗe shi, a cire ƙaya, a barbaɗa gishiri a bar shi ya zubar da ruwa, a wanke, a jiƙa a binega, a ajiye ya kwana. Duk matakan nan zan iya rubuta maka su a bayan katin waya. Abin da ba zai rubutu ba shi ne minti nawa. Mai kitse ya fi son gishiri ya daɗe a jikinsa, siriri ba ya jurewa. A kwando ɗaya ma sai ka ware manya da ƙanana, kowanne da lokacinsa. Da bazara, lokacin da 'ya'yansa ke fitowa, ƙanƙantarsu takan sa a jera uku ko fiye a kan loma ɗaya, kuma kuskuren ɗan lokaci kaɗan ya isa ya ƙona su da tsami. Mai koyo zai ga wannan kifin a wannan yanayin na 'yan makonni ne kawai a shekara. In ya shekara goma, sau goma ke nan ya ga kakarsa. Ka ga inda lissafin shekarun ya fara yin ma'ana. Teku ce ke tsara jadawalin karatun, ba maigida ba.

Kifin tuna ma ba a yanka shi a ci ranar da ya zo. Ajiye shi ake yi cikin ƙanƙara ya kwana biyu, ƙarami kamar kwana uku, babba har kwana goma, don naman ya saki ɗanɗanonsa. Wanda zai ce yau ya kai, gobe ya wuce, da baki yake ganewa. Shi ya sa abin da ya fi burge ni a fim ɗin gaba ɗaya ba hannun Jiro ba ne. Ɗanɗanawa ce. Kafin a buɗe shago sai ka ga ana ta yanko gutsure ana miƙa wa maigida da ɗansa, su tauna, su ce gishiri ya yi kaɗan, a mayar da shi binega, wannan kuwa ba za a sayar ba yau. Kuma yaran suna cin abinci mai kyau a gidan. Jiro ya faɗa ƙarara cewa wanda zai dafa mai daɗi dole ya ci mai daɗi, kuma in harshenka bai kai na baƙonka ba, da me za ka burge shi? Har ya ce yana sha'awar a ce yana da hanci da harshe irin na shahararren kukun Faransa Joël Robuchon. Riƙe wannan batun, zan dawo kansa in na zo kan oganka.

Akwai kuma kasuwa. Jiro ya daina zuwa da kansa tun da ciwon zuciya ya kama shi yana da shekara 70, a lokacin fim ɗin babban ɗansa Yoshikazu ne ke hawa keke da sassafe ya tafi Tsukiji, babbar kasuwar kifin Tokyo da aka buɗe a 1935, wadda aka mayar da ɓangaren sarinta Toyosu a Oktoban 2018. Kuma ba ya zagaye yana taya kifi. Kowane iri da dillalinsa. Mai tuna tuna kawai ya sani, mai jatan lande shi kawai yake sayarwa. An nuna dillalin tunar a wurin gwanjo, kifaye jere a ƙasa an yanke musu wutsiya, yana haska naman da tocila, ya ɗan ciro kaɗan ya murza tsakanin yatsu. Ya ce in kifi goma ne a kasuwa, ɗaya ne kawai zai zama na ɗaya, in bai same shi ba ya haƙura ranar. Kamar dai tsohon mahauci ne a kara, da zai shafa bayan sa ya gaya maka yadda namansa zai kasance tun ba a kayar da shi ba. Dillalin shinkafarsu ma ya ce wani babban otal ya nemi ya sayar masa da irin wadda yake kai wa Jiro ya ƙi, don a cewarsa ba za su iya dafa ta ba. Waɗannan mutanen ba za su ajiye wa baƙon fuska kayansu na ɗaya ba ko nawa zai biya. Yaron da ya shekara goma a gidan Jiro, sun san fuskarsa, sun san wa ya rene shi. Ranar da zai buɗe nasa shagon, wannan sanayyar tana cikin jarinsa, kuma ba makarantar da ke bayar da ita.

Yanzu ƙwan. Ba soyayyen ƙwai irin na mai shayi ba ne. Ana kaɗa shi da niƙaƙƙen jatan lande da wata doya mai yauƙi da sukari, a gasa a hankali a kasko mai kusurwa huɗu har ya fito kamar kek, samansa ja sumul, cikinsa ba rami ba ɗanye. Shi ake rufe cin abinci da shi. Yaron gidan, Daisuke Nakazawa, ya ba da labari da bakinsa cewa da aka ba shi dama ya ɗauka zai iya, sai ga shi yana yin har huɗu a rana ana cewa bai yi ba. Wata uku zuwa huɗu, sama da 200 aka ƙi karɓa. Ranar da Jiro ya ɗanɗana ya ce yawwa, haka ake yi, sai da ya yi kuka. Masu gida suna son wannan labarin ƙwarai. Amma duba shi da kyau. Ƙwan bai ci shekara goma ba, wata huɗu ya ci. Shekara goman jiran layi ne kafin a ba shi kaskon.

To daga ina jiran ya samo asali? Tun zamanin Edo, 'yan kasuwa da masu sana'a a Japan suna ɗaukar yaro yana ɗan shekara goma ko kusa da haka, ya zauna a gidan maigida kimanin shekara goma, ba albashi, sai ci da sutura da wurin kwana. Shara da aike da ɗiban ruwa ne aikinsa na farko. Ba a zaunar da shi a koya masa, ana sa ran ya saci sana'ar da ido. In ya cika wa'adinsa da amana, maigida ya taimaka masa ya buɗe nasa, har ya ba shi izinin rataya labulen ƙofa mai ɗauke da sunan gidan, wanda shi ne shaidar da abokan ciniki ke dubawa. Ciniki ne: ka ba ni ƙuruciyarka, in ba ka sana'a da suna. Maigida yana samun hannu mai arha, kuma jinkirin yana hana yaro ya kwashi sirri ya buɗe shago a maƙwabta bayan shekara biyu. Wanda ya ce maka babu wannan lissafin a ciki, bai taɓa riƙe shago ba. A gidan Jiro ma matakin farko shi ne matse tawul mai zafi da ake miƙa wa baƙi su goge hannu, ruwan yana ƙona tafin hannu, kuma sai ka iya wannan kafin a bar ka ka taɓa kifi. An faɗa a fim ɗin cewa akwai yaran da kwana ɗaya suke yi su gudu.

Su kansu Japanawa ba su haɗu a kan wannan ba. A 2015 wani sanannen ɗan kasuwar intanet, Takafumi Horie, ya tayar da ƙura da ya rubuta cewa wauta ce mutum ya share shekaru yana koyon sushi a wannan zamani. Abin da ya ƙara wa maganarsa ƙarfi, a daidai lokacin wani shago a Osaka mai suna Sushi Chiharu, wanda masu aikinsa ɗaliban wata makarantar wata uku ne, ya shiga littafin Michelin bai ko cika shekara da buɗewa ba. Sai dai a faɗi gaskiya, ba tauraro aka ba shi ba, an sa shi ne a rukunin gidajen da ke da abinci mai kyau a farashi mai sauƙi. Ni dai ga inda na tsaya. Makaranta ta fi gidan maigida iya koyar da abin da za a iya faɗa da baki: riƙon wuƙa, feɗe kifi, tsafta, awo. Ɓoye wa yaro waɗannan shekara da shekaru da sunan tarbiyya ɓata lokaci ne, wani lokacin ma mugunta ce. Amma wata uku kaka ɗaya ce. Ɗalibin ya fito da hannu, bai fito da harshe ba, kuma zai yi sauran karatun ne a kan baƙin da suka biya kuɗinsu.

Wannan ya kawo mu kan oganka. Tunda shi ya kawo Jiro a matsayin hujja, sai a auna shi da mudun Jiro. Yaran gidan Jiro ba wanke-wanke kawai suke yi shekara goma ba. Jiro da bakinsa ya ce kafin kifi ya iso hannunsa an gama kashi 95 cikin ɗari na aikin a baya, shi dai yana tsaye ne a inda ake ganinsa yana kwasar yabo. Ma'ana yaran nan su ne ke dafa shinkafar, su ne ke jiƙa kifin, kuma kullum maigida yana sa abin da suka yi a bakinsa ya gaya musu inda ya gaza. Sau 200 da aka ce wa Nakazawa bai yi ba, sau 200 ke nan wani ƙwararre ya tsaya ya ɗanɗana aikinsa, aka kuma yi asarar ƙwai da jatan lande don ya koya. To tambayi kanka: oganka yana ɗanɗana abin da ka yi? In ya ce bai yi ba, yana nuna maka dalili, ko da da hannu ne ba da baki ba? Aikin da kake yi bana ya ɗara na bara, ko albasar dai ce? Kana cin irin abin da ake kai wa baƙi, ko ƙanzo ake bar muku? Sannan waɗanda suka riga ka a hannunsa, ina suke yanzu? Na Jiro an san inda suke. Hachiro Mizutani, wanda ya yi magana a fim ɗin, ya buɗe nasa a Ginza ya samu tauraro uku shi ma. Nakazawa ya tafi Amurka, aka buɗe Sushi Nakazawa a New York a 2013, kafin shekarar ta ƙare jaridar New York Times ta ba shi tauraro huɗu, makinta mafi girma. In amsoshinka sun yi kyau, zauna ka yanka albasar, kuma ka yanka ta daidai, don yankan albasa ma ana gane mai hannu a cikinsa. In kuwa ba mai duba aikinka, ba mai matsar da kai gaba, ba kuma wanda ya taɓa fita daga hannunsa ya tsaya da ƙafarsa, to haƙurin da ake nema a wurinka ba irin na fim ɗin ba ne. Ka nemi zama da shi cikin ladabi, ka ce Oga, ina so a fara gwada ni a kan miya ko a kan wuta, ko sau ɗaya a mako. Amsar da zai ba ka za ta gaya maka sauran.

Kada kuma kiɗa da kyamara su ɗauke ka. Gelb ya iya aikinsa. Ya ɗauki lomomin nan a kusa, suna sheƙi, a hankali, ga kiɗan Philip Glass yana tashi a ƙasa, har mutum ya ji kamar ibada yake kallo. Da wannan salon ne daga baya ya yi shirin Chef's Table a Netflix. Amma in ka kashe sautin zuciyarka ka saurari abin da mutanen ke faɗa, labarin yana da ɗaci. Jiro ya yarda bai zauna da 'ya'yansa ba suna ƙanana, yana fita da asuba ya dawo sun yi barci, har ya ba da labarin cewa in ya kwana a gida ranar hutu sai yaran su ce wa uwarsu ga wani baƙo yana barci a gidansu. Yana dariya yake faɗa. Sun so su je jami'a, ya shawo kansu suka shigo shago. Matarsa, wadda ta riƙe gidan duk shekarun nan, ba a ji ta bakinta ba. Kuma a bayan kantar babu mace ko ɗaya. Yoshikazu ya taɓa gaya wa jaridar Wall Street Journal a 2011 cewa al'adar mata ta wata-wata tana taɓa musu ɗanɗano, shi ya sa ba sa zama masu sushi. Wannan camfi ne irin na 'yan sana'a, ɗan'uwan wanda ke cewa hannun mace ya cika ɗumi, kuma akwai mata a Japan da ke yin aikin suna ƙaryata shi.

Wanda ya fi ba ni tausayi Yoshikazu ne. Ƙaninsa Takashi ya fita ya buɗe reshe a Roppongi Hills, wanda aka gina shi a juye da na uban domin uban bahago ne shi kuwa da dama yake aiki, ya samu tauraro biyu, yana cin gashin kansa. Shi kuwa babban, al'ada ta ce shi zai gaji uba, don haka yana da shekara 50 a fim ɗin yana nan a gefen tsoho yana jiran ranar da ba ya fatan ta zo. Mizutani ya faɗi gaskiya mai zafi, ya ce ko ya kamo uban a iyawa mutane za su ce bai kai ba, sai ya ninka shi kafin a ce sun yi daidai. Sai can ƙarshen fim marubucin abinci Masuhiro Yamamoto ya fasa ƙwai, ya ce lokacin da masu binciken Michelin suka zo a shekarar farko, ba Jiro ne ya yi musu sushin ba, Yoshikazu ne. Jiran kuwa ya yi tsawo. A Afrilun 2014 Firaminista Shinzo Abe ya kai Shugaba Barack Obama shagon, tsohon ne ya tsaya a kanta. A ƙarshen 2019 Michelin ta cire shagon daga littafinta, ba don abincin ya lalace ba, sai don ya daina karɓar ajiyar wuri daga gama-garin mutane, sai ta hannun manyan otal ko tsofaffin abokan ciniki. A Oktoban 2025 Jiro ya cika shekara 100.

Tunda kai ɗan kicin ne, na san hannunka zai yi ƙaiƙayin gwadawa, to ga abu biyu. Ruwan miyar da ake shafa wa lomar, a yawancin gidajen sushi ana haɗa shi da giyar shinkafa ko wani zaƙaƙƙen ruwan girki mai giya a ciki, a tafasa. Kifin da sauran dabbobin teku ba matsala a mazhabarmu ta Malikiyya, amma wannan miyar sai ka tambaya in ka je ci, in kuma kai za ka yi, ruwan waken suya marar giya da ɗan sukari ya wadatar. Na biyun ya fi muhimmanci: kada ka kuskura ka ba mutum ɗanyen kifin kogi ko na tafki ko na gidan gona. Tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa suna iya ɗauke da tsutsotsin da ke kama hanji da hanta, kuma gishiri da binega da yaji ba sa kashe su. Kifin teku ma yana da tasa tsutsar, anisakis, wadda ke sa ciwon ciki mai tsanani, shi ya sa ƙa'idar lafiya a Japan da Turai ta ce a daskarar da shi a ma'aunin sanyi 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24 kafin a ci ɗanye. Firizar da wuta ke ɗaukewa tana dawowa ba za ka dogara da ita a kan wannan ba, haka kifin kwali da ya narke a hanya aka sake daskarar da shi. Fara da shinkafa mai gajeriyar ƙwaya, da dafaffen jatan lande, da kokwamba, da wainar ƙwan. Waɗannan duk sushi ne na gaske, kuma in ka kai wa oganka ya ɗanɗana ba wanda zai kwana a asibiti.